Furen Kan Iyaka Da Muke Yi Wa Kuɗin Goro

 

A wannan makon za mu ɗan bar aji mu leƙa gona, tunda an fara sharar gonaki kuma hadari ya fara haɗowa ta gabas. Duk wanda ya tashi a Bagwai ko Bichi ko Tsanyawa ya san wata doka da ba a rubuta ta a littafi ba: in ka ga fure mai launin shunayya a gona, tuge shi, kada ka tsaya tambaya. Dalilin dokar sananne ne. Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ita ce mai irin wannan fure. Tana manne wa saiwar dawa da gero da masara, ta tsotse ruwa da abincin shuka tun kafin ta leƙo waje, irinta kuma yakan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran a yi shuka. Manomin da ya tsane ta yana da gaskiyarsa.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Akwai wani fure mai launi kusan irin nata, wanda ba ya cutar da shukar kowa, amma yana shan hukuncin da aka yanke wa wuta-wuta. Shi za mu tattauna a kansa yau, domin mu matasa ne muka fi kowa riƙe da makamin da ke kashe shi.

Wane fure ne?

Masana tsirrai suna kiran danginsa okid. Wannan dangi yana da nau'i kusan 28,000 a duniya, yana cikin dangogi biyu mafi girma na tsirrai masu fure. Da yawanmu mun san okid a hoto: fararen furannin nan da ake jerawa a wajen biki, ko waɗanda muke sa wa a fuskar waya. Mafi yawan waɗancan a jikin bishiya suke rayuwa a dazuzzuka masu yawan ruwa. Amma akwai reshen dangin da ke zaune a ƙasa kamar kowace ciyawa. Daga cikinsu akwai rukunin da ake kira Eulophia, mai nau'i wajen 200, yawancinsu a Afirka. Wanda muke magana a kansa shi ne Eulophia cristata, ɗan dajin ciyawa da ake samu tun daga Senegal, ya ratso Arewacin Najeriya, har Sudan da Habasha da Uganda.

Ga kamanninsa. A ƙarshen rani ko farkon damina, lokacin da ƙasa take tsirara, sai ka ga wani kara siriri ya miƙe shi kaɗai, babu ganye ko ɗaya, tsayinsa yakan kai ƙugun mutum. A samansa furanni ne jere, masu launin shunayya mai haske. In ka duƙa ka duba fure ɗaya, za ka ga fiffike shida, amma na ƙasa ya sha bamban da sauran: ya fi faɗi, ya fi duhu, kuma yana da wasu tudu-tudu kamar zankon zakara. Wannan shi ake kira leɓe, kuma shi ne tambarin dangin okid duka. Sai bayan fure ya yi nisa ganyen yake fitowa, dogaye masu layi-layi kamar ganyen ƙaramar giginya. A ƙarƙashin ƙasa kuwa saiwa ce mai kauri, dunƙule-dunƙule a jere kamar dankali. A nan yake ajiye ruwa da abinci, shi ya sa yake jure watannin rani, har gobarar daji takan wuce ta kansa ya sake fitowa.

Yadda za a bambanta shi da wuta-wuta ba wuya. Wuta-wuta ba ta yin fure sai damina ta yi nisa, wajen watan Agusta zuwa Satumba, kuma a gindin dawa ko gero za ka gan ta, da 'yan ganyayyaki masu kaushi a jikin kararta. Shi kuwa wannan yana riga shuka fitowa, kuma ba cikin kunya yake zama ba, a gefe yake, inda garma ba ta bi. Ba ya taɓa saiwar hatsi. Abincinsa daga ganyensa da saiwarsa yake samu.

Rayuwa mai wuyar farawa

Abin da ya sa muka damu da shi yana cikin yadda yake haihuwa. Ƙwayar masara ko wake tana zuwa da guzurinta, wato garin da ke cikinta, wanda tsiro zai ci kafin ya yi ganye. Irin okid ba shi da guzuri. Ƙura ce kawai, ƙwanso ɗaya yakan ɗauki dubbai, iska ta watsa su. Ƙwayar ba za ta tsiro ba sai ta faɗi inda akwai wata irin funfuna ta cikin ƙasa, 'yar'uwar naman kaza, wadda za ta shiga jikinta ta ciyar da ita. Wani Bafaranshe mai suna Noël Bernard ne ya gano haka a shekarar 1899. Bayan tsirowa ma, sai ta yi shekaru tana tara ƙarfi kafin ta yi furen farko.

Kafin a kai ga iri kuwa, sai an sami mai ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Garin furen okid ba ya tashi a iska. A dunƙule yake, yana jiran ƙwaron da zai manne wa. Binciken da aka yi a kudancin Ghana a shekarun 1970 ya nuna cewa babban ƙudan nan mai huda itace, wanda muke jin rugugin fiffikensa a azarar ɗaki da ginshiƙin rumfa, shi ke yi wa Eulophia cristata wannan aiki. Abin dariyar shi ne furen ba ya ba shi ko ɗigon zuma. Kwalliya kawai yake yi masa, ƙudan ya sauka a kan leɓen yana tsammanin samu, ya tashi da kayan wani a bayansa.

Ku lissafa sharuɗɗan: sai da ƙuda, sai da iska, sai da funfunar da ta dace, sai da ƙasar da za ta yi shekaru ba a juya ta ba. Saboda haka kara ɗayan da muke tugewa cikin daƙiƙa biyu, wataƙila ya girmi ƙanenmu na firamare. Kuma saboda haka ne wanda ya haƙo shi ya kai gida ya dasa a gwangwani, sau da yawa yakan ƙare da busasshiyar saiwa.

Ina ya rage masa a Bagwai?

A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Bagwai tana da mutum sama da 160,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 400. Wato tun wancan lokaci kowace murabba'in kilomita tana ɗauke da mutum wajen 400, yau kuwa an ƙaru sosai. Tun shekarun 1960 wani malamin ilimin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da birnin Kano, ya nuna yadda manoma ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, suna riƙe ta da takin gida da bishiyoyi. Wannan abin alfahari ne. Amma yana nufin saura da kurmi sun zama tarihi. Gado ya rarraba gonaki, burtali ya tsuke, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Watari a ƙarshen shekarun 1970, fadamun da ke ƙasanta suka koma noman rani na shinkafa da tumatir da albasa.

To a irin wannan ƙasa, ina tsiron da ba ya son garma zai fake? Wurare kaɗan ne: kan iyakar gona inda ake barin gamba da aguwa da bini-da-zugu, gefen burtali, gindin duwatsu, bakin kwazazzabo, ragowar makiyaya, da tsofaffin maƙabartu. Wannan na ƙarshe ba a nan kaɗai ba ne. Wasu masu bincike daga Hungary sun zagaya ɗaruruwan maƙabartu a Turkiyya, suka wallafa a 2015 cewa nau'o'in okid da dama sun sami mafaka a cikinsu, saboda wuri ne da ba a nomawa.

Kan iyaka ita ce mafi yawa a cikin waɗannan mafaka, kuma ita ce aka fi yi wa barazana yanzu. A da fartanya ce ke share gona, mai fartanya kuma yana ganin abin da yake sarewa. Yau maganin kashe ciyawa ne. Irin wanda aka fi fesawa kafin shuka ba ya zaɓe, kuma akwai wanda yake bin ganye ya gangara har saiwa. Wa ke goya famfon feshin? Mu ne. Da an yi hutu ko an shiga yajin aiki, mu ne ke karɓar kwangilar feshi don mu haɗa kuɗin rajista da na mota. Kuma idan magani ya ragu a tanki, al'adar ita ce a juye shi a kan iyaka, wai kada a yi asara. Saiwar da ta tsallake rani da gobara ba ta tsallake wannan.

“To, furen ake ci?”

Mun san tambayar da za a yi mana a majalisa ke nan: “Kai ɗan boko, furen ake ci?” Tambaya ce mai nauyi, kuma mai yin ta yana da iyali da zai ciyar da taki mai tsada da zai saya. Bai kamata mu amsa ta da ɗaga hanci ba. Ga abin da za mu iya cewa.

Na farko, ba a ce a bar noma ko taƙi ɗaya ba. Iyaka dama ba a shuka ta. Gambar da ke kanta ita ake yanka a yi zana da jinka, ita ke tare ruwa kada ya kwashe ƙasa, ita ke hana rigimar “ka ci mini gona”. Wanda ya fesa mata magani ya kashe zanarsa da kansa.

Na biyu, ƙudan nan mai huda itace da sauran ƙudajen zuma suna ziyartar furen wake da kabewa da kuɓewa. Kafin amfanin gona ya yi fure, a furannin daji na gefe suke kiwo. Iyakar da aka ƙone ƙurmus ba ta da abin da za ta ba su.

Na uku, manoman Kano ba baƙin wannan tunani ba ne. Su ne suka bar gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsakiyar gona, garma tana kewaye su. Abin da muke roƙo ƙari ne kaɗan a kan abin da kakanninmu suka saba.

Na huɗu, wannan dangi ba na kwalliya kaɗai ba ne. Banila da muke jin ƙamshinta a kek da askirim 'ya'yan wani okid ne. Asalinta Meziko, kuma da aka kai ta wasu ƙasashe ta ƙi yin 'ya'ya saboda babu ƙwaron da ya saba da ita. A 1841, a tsibirin Reunion, wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius ya gano yadda ake haɗa furen da hannu, da ɗan tsinke da babban yatsa. Da dabararsa ake aiki har yau a Madagaska, ƙasar da ta fi kowace fitar da banila. Yaron nan ba shi da ɗakin gwaji. Ido ya sa ya lura.

Amma amfani ma yana da nasa haɗari. A Zambiya ana daka saiwar wasu okid na ƙasa da gyaɗa a yi wani abinci mai suna chikanda. Da kasuwarsa ta buɗe a birane, sai aka riƙa haƙo saiwar har daga tsaunukan kudancin Tanzaniya, lamarin da ya sa ƙasar ta keɓe gandun Kitulo a 2005 musamman don kare furanninsa. A Turkiyya ma garin sahlab, da ake dama shi da madara, daga saiwar okid na daji yake, kuma yawan haƙa ya rage su har aka hana fitar da shi waje. Shi ya sa yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ke cikinta, ta sa dangin okid gaba ɗaya cikin tsirran da ba a ƙetare iyakar ƙasa da su sai da izini. Darasin a fili yake: abin da yake shekaru kafin ya girma, buhu ɗaya na mai haƙa ya isa ya share shi daga gari.

Gargaɗi a nan: kada wani ya karanta wannan ya je ya tono saiwa ya ɗanɗana. Tsirran daji masu irin wannan dunƙulalliyar saiwa suna kama da juna, wasunsu kuma guba ne.

Sunan yana bakin kaka

Akwai wata asarar da ke tafiya tare da ta furen. Hausawa sun raɗa wa tsirran daji masu saiwa sunaye masu ban sha'awa: albasar kwaɗi, albasar kura, giginyar biri, gatarin kurege, doyar kurege. Kowane suna yana ɗauke da lura, wani ya duba siffar abin ya haɗa shi da dabbar da ta dace. Suna ɗaya kuma yakan koma kan wani tsiro dabam in an canza gari, abin da Bakano ya kira da wani suna, Bakatsine ko Bazazzagi ya kira shi da wani. Wani likita ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya bi manoma da maharba da masu magani yana rubuta irin waɗannan sunaye, ya fitar da ƙamus na tsirran ƙasar Hausa a 1916. Sama da shekara 100 ke nan, kuma har yau masu bincike suna komawa gare shi.

Mu fa? Muna iya zana furen da ke littafin bayoloji mu sa wa kowane sashe suna, mu ci maki. Amma a ɗora mana tsiro goma daga bayan gidanmu, nawa za mu kira da sunansu? Waɗanda suka sani suna nan da rai: kakanninmu mata masu tsinko ganye, tsofaffin maharba, wanzamai, Fulani makiyaya da ke bin burtali kullum. Kowace shekara kuma ana rasa wasu daga cikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin wannan damina

Ga abin da muke ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ɗalibi.

Idan za mu yi feshi, mu zagaya iyaka da ƙafa tukuna. Mu bar taku ɗaya tsakanin bakin famfo da gamba. Mu auna maganin daidai gonar don kada ya ragu, kada mu juye ragowa a iyaka ko a rafi, kuma kada mu yi feshi ana iska. In gonar wani ce, mu nemi izini cikin ladabi: “Baba, don Allah a bar mini kan iyakar nan, zan sare ta da lauje in ta yi yawa.” Da wuya dattijo ya ƙi, tunda maganinsa aka rage masa.

Idan mun ga furen, kada mu tsinka, kada mu haƙa. Mu ɗauki hoto huɗu: tsiron gaba ɗaya, fure ta gaba, fure ta gefe, da wurin da yake. Mu rubuta rana da sunan unguwa. Bayan wata ɗaya mu koma mu ɗauki ganyen. In a maƙabarta ne, daga gefe za mu tsaya, da sanin masu kula da ita.

Sannan mu kai hoton wajen manya, aƙalla mutum uku: “Kaka, me kuke kiran wannan? Da can a ina kuke ganinsa? Me ake yi da shi?” Mu rubuta amsar yadda aka faɗa, da garin mai faɗa. In amsoshin sun saɓa, duka mu rubuta, saɓanin ma ilimi ne.

Masu babbar waya za su iya ɗora hoton a manhajar iNaturalist, inda masana daga ƙasashe dabam-dabam ke taimakawa wajen tantance nau'i kyauta. Ƙannenmu na sakandare kuma su nuna wa malamin bayoloji ko na aikin gona, a yi littafi ɗaya na aji.

Ga 'yan'uwanmu da ke Jami'ar Bayero, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, masu neman abin da za su yi bincike na shekarar ƙarshe: ga batu a ƙofar gida. A ɗauki mazaɓa ɗaya, Gadanya ko Kiyawa ko Romo, a bi iyakokin gonaki 50, a ƙirga tsirran da ke kan waɗanda ake fesawa da waɗanda ba a fesawa, a haɗa da sunayensu na Hausa da Fulatanci. Kuɗin mota kaɗan ne, sakamakon kuma naka ne, ba kwafe ba. Ko da an zagaya ba a ga furen ba, wannan ma sakamako ne da ya cancanci rubutawa, domin zai nuna inda aka kwana.

Lokacin furen gajere ne, makonni kaɗan ne tsakanin ruwan farko da rufewar ciyawa. Wanda ya bari sai an yi noman farko, sai baɗi. Duk wanda ya samu hoto ko suna daga garinsu, ya aiko wa wannan fili tare da sunan ƙauyen, za mu jera su a fitowa ta gaba don mu ga ko Bagwai da Shanono da Bichi bakinsu ɗaya.

Ita kuwa wuta-wuta, in ta fito a watan Agusta, a tuge ta kafin ta zubar da iri, a tara a ƙone. Wannan dokar tana nan daram.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka.